Ramin da ya fi ƙura ƙanƙanta

Shekara 11 ke nan ina sana'ar zane a kan ƙarfe a Sabon Gari, ni da yara huɗu. Allon ƙofar ofis, lambar yabo, faifan cikin rediyo, duk hanyar ɗaya ce. A shafa wa farantin jan ƙarfe maganin da haske ke daskararwa, a ɗora zanen da aka buga a farar leda, a shanya a rana, a wanke, sannan a tsoma a ruwan ferik, sinadarin da ke cin ƙarfe. Inda magani ya rufe ya tsira, inda ya bari a buɗe ruwa ya cinye.

Bara da hunturu wani ɗalibi ya zo daga Samaru da takarda a hannu.

"Malam, ramuka nake so a jere, kowanne maikuron 2."

Maikuron ɗaya kashi ɗaya ne cikin dubu na milimita. Na ce, "Samari, silin gashin kanka ma ya kai maikuron 70."

Ya zauna a benci ya yi mini bayani. Zafin da garwashi ke fitarwa haske ne da ido ba ya gani, infirared. In aka jera ramuka a ƙarfe, tazararsu ta yi daidai da tsawon zangon hasken, wato nisan da ke tsakanin igiyar haske ɗaya da mai bi mata, sai ƙarfen ya zaɓi wanda zai fitar da wanda zai danne. Ya ce tun 1987 masana kimiyya Eli Yablonovitch da Sajeev John suka kawo tunanin, a 2002 kuma masu bincike a cibiyar binciken Sandia ta Amurka suka ƙera irinsa da tangistin, ƙarfen zaren ƙwan lantarki na da, wanda sai zafi ya haura digiri 3,400 na Celsius yake narkewa.

Abin da ya ba ni dariya, hanyarsu kusan tamu ce: magani, haske, wanki, ci. Sai dai su a ɗakin da aka tace iskarsa suke yi, sanye da rigar da ta rufe har gemu. Ni kuwa ƙofata a bakin titi take, ƙwayar ƙura ɗaya ta isa ta toshe rami goma.

Muka daidaita a kan babban samfuri, ramuka na 'yan milimita, ya gwada da zangon maikurowef, tunda dokar ɗaya ce in an faɗaɗa komai tare. Ragar ƙofar tandun maikurowef ma danginsu ce.

Farantin farko ya lalace, hazo ya sauka kafin magani ya bushe, ya fito kamar mai zanzana. Asarar a kaina ta faɗa. Na biyu da asuba muka yi shi, mun yayyafa ruwa a ƙasa, mun rataya jiƙaƙƙen buhu a ƙofa. Buhun yana nan har yanzu, yara sun ƙi cirewa.