Sanfefar ruwa da cizal huɗu: inda na kai a wata na uku

'Yan uwa masu koyon aikin katako, barkanmu da war haka.

Wata uku ke nan ina koyon kafinta da yamma idan na taso daga aiki, a ɗan ɗakin zaure da na mayar wurin sassaƙa. Makonni biyun nan da suka wuce ban taɓa ɗan teburin da nake haɗawa ba, domin na zo huda ramukan da ƙafafu za su shiga sai cizal, ƙarfen nan mai kaifin baki da ake sassaƙa rami da shi, ya ƙi cin katako. Madaci ne kuwa, mai kyau, amma bakin cizal ɗin murƙushe shi yake yi, gefen ramin ya fito kamar ɓera ya gwaguya. Na kai wa Baba, dattijon kafintan da nake zama wurinsa ranar Asabar, ya ɗora babban yatsa a bakin ƙarfen ya ce, "Yaro, wannan ai ko sabulu ba zai yanka ba. Je ka koyi wasawa tukuna."

Shi Baba dutsen mai yake amfani da shi, wanda ya daɗe a hannunsa har tsakiyarsa ta yi kwari. Ya san yadda yake bi da shi, ni kuwa duk lokacin da na gwada sai bakin cizal ya fito a karkace. Na tambayi kuɗin duwatsun wasa na zamani, masu daimon da na ruwa irin na Japan, na ga ba yanzu ba. Shi ya sa na koma ga hanyar da masu koyo da yawa suke farawa da ita: a shimfiɗa sanfefa a kan gilashi, a wasa a kai.

Sayayyata ta farko asara ce. Na je shagon kayan gini na karɓo sanfefar da ake goge katako da ita, mai ruwan ƙasa, lamba 80 da 120. Ina zuba mata ruwa ta jiƙe ta saki yashinta, takardar ta dagargaje a hannuna. Wadda ake nema baƙa ce ko toka-toka mai duhu, bayanta ba ya shan ruwa, kuma ƙwayoyin da ke jikinta na wani sinadari ne mai tauri da ake kira silikon kabayid, wanda yake cin ƙarfe. Ruwan yana da aiki: yana ɗauke garin ƙarfen da ake gogewa don kada ya toshe takardar.

Masu kayan gini ba kasafai suke ajiye mai laushi ba. Wurin masu sayar da fentin mota ake samunta, inda masu gyaran jikin mota suke sayayya, kuma da dalili. Kamfanin 3M na Amurka ne ya fito da irin wannan takarda a 1921 da sunan Wetordry, kuma masana'antun mota ne suka fara rububinta saboda ana goge fenti da ita a jiƙe, ƙura ba ta tashi ta shiga ƙirjin ma'aikata. Har yau a can kasuwarta take. Mu nan Kano na same ta a wajen Ƙofar Ruwa. Duk garin da kake, nemi inda masu fentin mota suke sayen kayansu, ka ce sanfefar ruwa kake so, ka faɗi lamba. Alherin wurin shi ne suna sayar da ita ɗaiɗai, ba sai ka ɗauki kwali ba.

Maganar lamba ce ta fi ɗaure mini kai, don haka bari in ɗan tsaya a kanta. Yadda lamba take ƙaruwa, haka ƙwayoyin suke ƙanƙancewa: 220 tana da kaushi, 2000 kuwa in ka shafa sai ka ce takardar rubutu ce. Amma ma'auni biyu ne a kasuwa. Akwai na Turai, wanda ake sa harafin P a gaban lambar, akwai kuma na Amurka, wanda yawanci lamba ce zalla. Daga ƙasa har zuwa wajen 220 kusan ɗaya suke. Daga nan sai su rabu. P800 ta yi kusa da 400 ta Amurka, P1200 ta yi kusa da 600, P2000 kuma wajen 1000 take. Na taɓa tashi daga P1000 na hau wata mai lamba 600 ba P da nufin komawa baya in gyara wani karce, ashe gaba na yi, na yi ta gugar banza ina mamakin abin da ya hana karcen fita. A ma'aunin maikiron, wato kashi ɗaya cikin dubu na milimita, ƙwayar P220 wajen 68 ce, ta P400 35, ta P800 wajen 22, ta P1200 wajen 15, ta P2000 wajen 10. Ku juya bayan takardar ku karanta kafin ku biya, kuma ku tsaya a kan ma'auni ɗaya. Ni P nake bi, don ita ta fi yawa a shagunan da na shiga.

Sai maganar araha, wadda ita ce ta sa nake wannan rubutu. A shagon da na saya iri biyu ne. Akwai wadda aka buga sunan kamfani da lamba a bayanta daram, akwai kuma wata da rubutun bayanta ya yi dishi-dishi, kuɗin ta farkon guda ɗaya zai sayi uku na ta biyun. Na ɗauki kowacce a P400 da P1200 don in gani da idona. Cizal biyu masu faɗi ɗaya na ware, kowanne da tasa takardar.

A P400 mai arahar ba ta ba ni kunya ba. Ta mutu da wuri, kamar da rabin aikin da ɗayar ta yi, amma tunda uku ake ba ni a kuɗin ɗaya, lissafi yana gefenta. A P1200 ne ta nuna halinta. Bayan na goge bayan cizal ya fara sheƙi, sai na ga wasu dogayen karce guda uku huɗu sun ratsa shi, masu zurfin da sai na koma P400 kafin su fita. Na wanke gilashin, na sauya ruwa, na yanko sabon yanki, abin ya sake faruwa. Abin da na fahimta shi ne ba a tace ƙwayoyinta da kyau ba, akwai manya da suka ɓuya cikin ƙanana, kuma ƙwaya ɗaya tak ta isa ta ɓata aikin rabin awa. Bayan haka takardar tana naɗewa da zarar ta sha ruwa, gefenta ya ɗago, bakin cizal ya kama shi ya yage. Mai sunan kuwa kwance ta yi lif, ta ba ni fuska ɗaya mai santsi, kuma yanki ɗaya ya gama mini cizal uku.

Saboda haka ga yadda nake sayayya yanzu. A masu kaushi, P120 da P220 da P400, mai araha nake ɗauka, da yawa, domin aikinsu cin ƙarfe ne kuma ko wacce iri ce za ta mutu. Daga P800 zuwa sama ba na jayayya da kuɗi, mai suna nake saya, falle ɗaya ɗaya. Sunayen da za ku iya cin karo da su a bayan takarda sun haɗa da 3M da Norton da Mirka ta ƙasar Finlan da Klingspor ta Jamus. Ba na cewa sai su, abin dubawa shi ne rubutun ya fito sarai, takardar ba ta karye ba, kuma in ka lanƙwasa ƙuryarta kaɗan yashin bai zubo ba. Wadda ta daɗe a rana a bakin shago takan bushe ta yi tauri, ku roƙi mai shago ya ciro muku daga cikin kwali.

Ba kwa buƙatar kowace lamba. Na ga mai jera takardu tara, ni huɗu suke isata a wasa na yau da kullum: P400, P800, P1200, P2000. P120 da P220 sai ranar da aka sayo tsohon ƙarfe mai tsatsa ko wanda bakinsa ya ɓalle. A irin wannan aiki mai nauyi ma na gano cewa yankin bel ɗin sanfefa na injin goge katako, mai bayan yadi, ya fi sanfefar ruwa jurewa, domin ƙwayar silikon kabayid tana farfashewa da sauri a kan ƙarfe. Baba ne ya ba ni wani tsohon bel da ya tsinke, na yanka na manna a gilashi, ya yi mini aikin falle biyar.

Girman falle santimita 23 ne da 28. Ina raba shi gida huɗu, kowane yanki faɗin santimita 7 da tsawon 23, wanda ya ishi har ƙarfen filen ɗina, wato abin fere fuskar katako ta yi sumul, mai faɗin inci biyu. Kada ku sa almakashin gida, zai dakushe nan take. Ku kifa takardar, ku danne da rula ta ƙarfe, ku yaga. Sannan ku rubuta lambar a bayan kowane yanki da alƙalamin maka, don wani yankin zai fito ba rubutu a jikinsa, kuma P800 da P1200 ido ba ya bambance su da sauƙi.

Gilashina guntu ne da na karɓa wurin mai yankan gilashin taga, mai kauri, na ce ya kashe mini kaifin gefensa. Tayil mai santsi ma yana yi idan an ɗora rula an ga ba haske a ƙarƙashinta. Ina jiƙa takardar kamar minti goma a roba, in ɗiga sabulun wanke-wanke kaɗan a ruwan, in shimfiɗa ta a kan gilashin da shi ma na jiƙa, sai ta manne da kanta. Da hunturun nan ruwan yana bushewa da sauri, sai na riƙa kama bakinta biyu da salatef.

Bayan cizal ɗin, wato fuskarsa shimfiɗaɗɗiya, shi ake fara gyarawa, kuma wannan sau ɗaya ake yinsa a rayuwar ƙarfen. A kwantar da shi ɓaɓe a kan takardar, inci ɗaya ko biyu na wajen baki kawai, a yi ta gogawa har ya zama fuska ɗaya. Ina zana layuka da maka a wurin kafin in fara. Inda tawada ta rage, nan ne kwari, ba a gama ba. Ɗaya daga cikin cizal ɗina ya ci mini yamma biyu cur a wannan mataki, na kusa haƙura da shi, yanzu kuwa shi na fi ɗauka.

Sai gangaren baki. Yawancin cizal da ƙarfen filen a digiri 25 ake fere su, sannan a ɗan ɗaga zuwa 30 a wasa ƙarshen bakin kawai. Ba ni da abin auna kusurwa, amma lissafi ya taimake ni: idan tsawon gangaren ya ninka kaurin ƙarfen sau biyu, digiri 30 ke nan, idan ya kusa sau biyu da rabi, 25 ne. Hannuna bai zauna ba tukuna, don haka na sayi ɗan maƙali mai taya da ake ɗaure ƙarfen a ciki ya riƙe kusurwa ɗaya. Baba bai so ba, ya ce hannu ake koya wa, kuma na san yana da gaskiya, amma ina so in fara sanin yadda kaifi na ainihi yake kafin in nemi samar da shi da hannu zalla. A kan takarda janyowa nake yi zuwa gare ni, ba na turawa, don turawa ce take yanka ta. Kuma ba a dannawa da ƙarfi: takarda tana da ɗan taushi, in ka danna sai ta tattaro a gaban bakin ta dunƙule shi.

Alamar an isa a kowace lamba ita ce wani ɗan leɓe na ƙarfe, siriri kamar gashi, da yake lanƙwasowa ta baya. Ana jinsa idan an shafa yatsa daga jikin cizal zuwa waje, ba a bin tsawon bakin. Sai an ji shi daga wannan ƙurya zuwa waccan sannan a wuce gaba. Tsakanin lamba da lamba ina wanke ƙarfen da tayar maƙalin da hannuna, don kada ƙwayar P400 ta bi ni zuwa P2000. A ƙarshe in kwantar da bayan a kan P2000 sau uku huɗu, leɓen ya faɗi, sannan in ja bakin a kan guntun fata da na manna a katako, kamar yadda wanzami yake yi wa askarsa. Da an gama a tsane ƙarfen sosai a shafa masa man keken ɗinki. Na bar ɗaya a jiƙe na shiga sallar magariba, kafin in dawo ya fara jan tsatsa.

Jiya na koma kan teburin. Gwajin da Baba ya koya mini shi ne yankan kan katako mai taushi, wato inda aka datse shi, domin nan ne ƙarfe maras kaifi yake tona asirin kansa. Cizal ɗin ya fere shi sirara, wurin ya fito sumul har yana ɗan ƙyalli, ba tare da na taɓa guduma ba. Ramuka huɗu na gama kafin in sake komawa kan fata.

Na fara rubuta yawan fallen da nake kashewa a bayan littafin awona. A makonni biyu falle bakwai suka tafi, biyar daga ciki masu kaushi ne da gyaran tsofaffin ƙarafa ya cinye, kuma wannan ba zai maimaitu ba. Duk da haka takarda ƙarewa take yi, dutse kuwa yana shekaru, don haka duk ranar da na je sayen sanfefa ina ware wani abu a gefe domin dutse mai fuska biyu. Kafin nan akwai ƙarfen filen da yake jirana, bakinsa da ɓalli biyu, ranar Asabar zan fara shi a kan guntun bel ɗin Baba.