Ulu ya koma jaka, auduga ta fito

Tun da safe na gane yau ba ranar suwaita ba ce. Na ɗauko wadda nake saƙawa na ɗora a cinya, ban gama layi biyu ba gumi ya fara tsattsafo min a tafin hannu, zaren ya daina zamewa a kan tsinke, sai kamewa yake yana cijewa. Jikinta ya riga ya kai hammata, saura hannuwa da wuya, ta yi nauyin da in ta zauna wa mutum a cinya kamar ya lulluɓa da bargo ne da tsakar rana. Ulu aikinsa ke nan. Gashin tunkiya a lanƙwashe yake, yana riƙe iska a tsakaninsa, iskar nan ce ke tsare ɗumin jiki. Abin da zai sa in so rigar nan idan sanyi ya shigo, shi ne ya hana ni taɓa ta yau.

Ban cusa ta jaka haka kawai ba. Na zare tsinken, na ratsa wani zare mai launi dabam cikin idanun saƙar, wato 'yan madaukan zaren da ke jira, don kada su zame, na rubuta lambar tsinke da layin da na tsaya a 'yar takarda, na maƙala mata da fil. Sannan na fito da sauran kayan ulu, huluna da safar hannu da aka sa a sanyin da ya wuce, na wanke su da ruwan da ba zafi, ba murza ba cuɗa. Ruwan zafi da sabulu da murza idan suka haɗu a kan ulu, ɓawon da ke jikin kowane gashi sai ya sarƙe da na ɗan'uwansa, hular babba ta koma ta yaro, kuma ba ta sake dawowa. Wankin saboda asu ne. Ba asun da ke tashi ne ke cin tufa ba, tsutsarsa ce, kuma ta fi son inda gumi da maiƙon jiki suka taɓa, a wuri mai duhu da ba a motsawa. Dunƙulen ulu biyu da aka ba ni kyauta, waɗanda ban san inda suka kwana ba, na ɗaure su a leda na sa a firiza. Za su yi mako biyu a can kafin su haɗu da sauran.

Mai saƙa kullum yana gaba da lokacin da yake ciki. Abin da za a sa ranar da hunturu ya buso, a zafi ake fara shi, in ba haka ba a gama shi bayan an daina bukata. Sai dai zafi na da sharaɗinsa: aikin ya zama ƙarami, wanda ba ya taɓa cinya. Shi ya sa a watannin nan safa ce abokiyata. Zaren safa siriri ne, dunƙulen giram 100 yana ɗauke da kusan mita 400, kashi 75 ulu, kashi 25 nailan don dunduniya da yatsu su jure gogar takalmi. Ulu ne shi ma, amma duka aikin bai wuce tafin hannu ba, iska na ratsa shi ta ko'ina. Da tsinke mai kaurin milimita 2.5 nake yi, ido 64 a zagaye.

Da hantsi na juya dunduniyar ƙafar farko, kuma har yau wannan wurin yana burge ni. Ana cikin saƙa a miƙe, sai a tsaya kafin ƙarshen layi, a haɗe ido biyu su zama ɗaya, a juya aikin a koma baya ba tare da an ƙarasa ba. A can ma a tsaya, a haɗe biyu, a juyo. Kowane juyi yana barin 'yar kafa tsakanin idon da aka saƙa da wanda aka bari, kafar nan ce ke nuna inda za a haɗe a zuwa na gaba, ba sai an ƙirga ba. Ana cikin haka sai shimfiɗaɗɗen ƙyalle ya lanƙwasa da kansa, ya yi ɗan ƙoƙo daidai zaman dunduniya. Na zura babban yatsana a ciki na ji yadda ya zauna. Ba almakashi, ba ɗinki, zare ɗaya ne tun daga ƙauri har nan.

Ina cikin tsintar idanun gefe ƙanwata ta kira. Ta ji ƙarar tsinke ta waya, ta ce, "Yaya, a wannan zafin ma ba ki ajiye ba?" Na ce mata ai nata aikin ne ke biye. Cikinta ya tsufa, kuma jaririn zai zo ne kafin zafi ya gama sauka, don haka 'yar rigar da na yi mata alkawari ta auduga za ta zama. Ta ce ita dai kada ta zama mai ƙaiƙayi, kuma wadda za ta iya wankewa kullum ba tare da fargaba ba. Na ce, "Kwantar da hankalinki, Auta, shi ya sa na zaɓi auduga." Gaskiyarta ne. Rigar jariri da uwa ke tsoron wankewa a akwati take ƙarewa.

Auduga sai da haƙuri. Ulu idan aka ja shi yana miƙewa ya dawo, yana rufa wa hannu asiri, idon da ya ɗan fi ɗan'uwansa girma yakan daidaita bayan wanki. Auduga ba ta yafiya. Ba ta miƙewa, duk ja sai wuyan hannu ya ɗauka, kuma kowane ido yana nan yadda aka bar shi. Na koyi yi mata a sassauce, da tsinken gora maimakon na ƙarfe, ina hutar da hannu akai-akai. Kafin in fara rigar sai da na saƙa ƙyallen gwaji da tsinke milimita 4, faɗinsa ya ɗan wuce santimita 10 ta kowane ɓangare, na wanke shi yadda uwar za ta riƙa wanke rigar, na shimfiɗa a inuwa. Mutane da yawa na tsallake wannan mataki don zumuɗin farawa. Ni ina ganin sa'a ɗaya ce da ke ceton makonni. Na kuma duba lambar rini a takardar kowane dunƙule, duk ɗaya ce. Launi ɗaya daga tukunyar rini biyu yakan bambanta kaɗan, ba a gani a hannu, sai an gama riga a ga layi ya ratsa ƙirji.

Da rana ta take, hannu ya nemi hutu, na koma ga littafi. Biyu nake ja a wannan bazarar. Ɗaya tarihin saƙar hannu ne, shi nake karantawa da fensir, ba na haɗa shi da komai. Babin yau ya daɗe yana yi min yawo a kai. Mun saba ɗaukar saƙar tsinke a matsayin sana'ar ƙasashen ƙanƙara, amma mafi tsufan abin da ya rage a duniya na irin wannan saƙar a Masar aka same shi: safa da guntayen safa na tsakanin ƙarni na 11 da na 14, na auduga, fari da shuɗin baba, da zane mai sarƙaƙiya, wasu ma da layukan da suka ɗauko siffar rubutun Larabci. Busasshiyar ƙasa ce ta adana su. Kuma ba aikin 'yan koyo ba ne, duk wanda ya kalli hoton ya san hannun da ya yi su ya gaji sana'ar ne daga wasu hannuwan da ba su bar mana komai ba. Na daɗe ina kallon hoton wata safa ɗaya, ina bin zanen ido bayan ido da bakin fensir. Launi biyu a layi ɗaya, da zaren da ba ya miƙewa. Wanda ya taɓa gwada haka da auduga ya san abin da ake nufi: zaren da ke bi ta baya in ya yi tsauri aikin ya tattare, in ya yi sako-sako yatsa ya maƙale a ciki. Su kuwa nasu a daidai yake.

Daga nan littafin ya haura Sifen, zuwa kaburburan gidan sarauta a gidan ibada na Las Huelgas kusa da birnin Burgos, inda aka sami matasan kai na siliki. Ɗaya a kabarin yarima Fernando de la Cerda ne, wanda ya rasu a 1275, kuma saƙar ta kai kusan ido 20 a inci ɗaya. Na ɗauko tef na auna safata: ido 8 a inci. Ina kiran wannan siririn aiki. Ban san lokacin da na ajiye littafin na zauna ina tunanin irin tsinken da aka yi wancan da shi ba, da irin hasken da aka zauna a ciki, ba fitilar lantarki, ba tabarau irin namu.

Abin da babin ya yi min shi ne ya sauya yadda nake kallon ƙyallen da ke shanye a inuwa. Da ina ɗaukar auduga a matsayin abin da ake lallaɓawa da shi kafin lokacin ulu ya dawo. Ashe ita ce a farkon abin da muka sani na sana'ar, kuma a ƙasa mai zafi. Har na fara tunanin sa wa rigar jaririn siririn layi na fari da shuɗi a gindi, ɗan zane mai sauƙi da ba zai wuce layi biyar ba, inda yatsun jariri ba za su kai ga zaren baya ba.

Littafi na biyu dogon labari ne, na iyali guda da aka bi tun daga kakanni har jikoki. Irinsa nake so a zafi, wanda ba ya gaggawa, mai mutane da yawa da za a zauna da su makonni. Shi kam tare da saƙa nake karanta shi. Da la'asar na fara ƙaurin ƙafa ta biyu, tun ban rufe yatsun ta farko ba, don wurin nan zagaye ne kawai, ido iri ɗaya ba ragi ba ƙari, yatsu sun san hanya. Na jingina littafin a kan matashi, na danne shafin da abin maƙale takarda, idona a kan rubutu, ɗan yatsan hagu yana tura kowane ido zuwa bakin tsinke. Idan zare ya tsage ko ido ya kuɓuce, yatsa ne ke fara sani kafin in duba. Mutane kan yi mamakin wannan, amma ba sabon abu ba ne. Matan tsibiran Shetland a arewacin Sikotlan suna tafe da kaya a baya suna saƙa, tsinke ɗaya a soke cikin wata ɗamarar fata da ke ƙugunsu. A tsibirin Taquile na tafkin Titicaca a Peru kuwa maza ne ke saƙa, tun suna yara, a tsaye ko a tafe.

Na gwada sauraron littafi ta waya, kuma yana da ranarsa, musamman in aikin na ƙirga ne da ido ba zai bar tsinke ba. Amma labari irin wannan na fi son shi a takarda. Ina so in koma baya in duba wace ce wannan gwaggon da ta sake ɓullowa, ina so in tsaya a jimlar da ta yi min daɗi in sake ta. Mai karantawa a kunne ba ya jira na. Yau akwai wurin da uwar gidan ta karɓi wasiƙar da ta shekara tana jira, ta ƙi buɗewa har dare. A nan hannuna ya tsaya da kansa. Da na dawo kan safar na ga layukan da na yi kafin wurin sun ɗan fi sauran tsauri, kusan faɗin yatsa guda. Ban warware ba, wanki zai sassauta su.

Bayan magariba ƙyallen gwaji ya bushe. Na shimfiɗa shi a tebur ba tare da na ja ba, na ɗora tef a tsakiya, nesa da gefuna. Tsarin rigar yana neman ido 22 a santimita 10, nawa ya ba da 20. Ga ido 110 na zagayen ƙirji, hakan na nufin santimita 55 maimakon 50, kuma auduga tana ƙara saki da sawa. Jariri na girma da sauri, amma wuyan da ya yi faɗi zamewa yake daga kafaɗa. Zan sauka zuwa tsinke milimita 3.5, in sake wani ƙyallen gobe da sassafe kafin rana ta ɗaga, a kansa kuma in gwada zanen fari da shuɗin in ga yadda bayansa zai kasance.