Yadda na koyi roƙon burodi a birnin Brno

Kewar gida ce ta kai ni, ba son waƙar Turawa ba. Na yi wata huɗu a Brno, birni na biyu mafi girma a Jamhuriyar Cek, daga aji sai ɗaki, rana kuma tana faɗuwa tun ƙarfe huɗu. Ni da na tashi a Wusasa ina rera murya ta biyu a coci tun ina yarinya, sai ga shi mako yana wucewa ban buɗe baki na yi waƙa ba. Wata 'yar ajinmu ta ce ƙungiyarsu ta mawaƙa na neman mata masu kaurin murya, ba a biya, ba a kuma korar kowa. Ranar Talata da yamma na bi ta.

Suna shirin waƙar Leoš Janáček, wani mai tsara kiɗa ɗan ƙasar, wanda ake furta sunansa Yanacek. Sunan waƙar Otče náš, wato addu'ar Ubangiji, "Ubanmu wanda ke cikin sama". Ya rubuta ta a 1901, ya sake gyara ta a 1906 domin taron mawaƙa maza da mata, da namiji ɗaya mai siririyar murya, da ogan, da babbar garayar nan ta Turawa. Ba ta wuce kusan minti 15 ba. Na ce a raina, addu'ar da na haddace tun kafin in iya ɗaura zani, me zai ba ni wuya?

Bakina ne ya fara ba ni kunya. Bahaushe ba ya son baƙaƙe su taru ba wasali a tsakani, shi ya sa muke cewa burodi da fensir. Su kuwa mutanen Cek suna da kalmomin da babu wasali ko ɗaya a cikinsu: mutuwa smrt, wuya krk. A cikin addu'ar akwai království, mulki. Gaɓa uku ce, amma a bakina sai ta koma ki-ra-lo-bis-ti-bi, gaɓa shida. Kowace gaɓar da na ƙara tana cin lokaci, don haka kowa ya gama jimla ni ina baya ina jan ƙafa. Dattijon da ke koyar da mu, wanda suke kira sbormistr, bai taɓa nuna ni da yatsa ba. Sai dai ya tsayar da mu, ya dubi sashenmu ya ce "ještě jednou", a sake. A dare ɗaya muka sake layi guda sau bakwai, kuma kowa ya san saboda wa.

Sai harafin nan ř, da ke cikin přijď, "ya zo". Ana kaɗa harshe kamar r ɗinmu, a lokaci guda kuma iska na fita ta tsakanin haƙora. 'Ya'yansu ma sukan daɗe ba su iya shi ba, wasu har sai an kai su wurin mai gyaran furuci. Wannan ya ɗan kwantar mini da hankali.

Wata tsohuwa da ke zama kusa da ni, malamar makaranta ce da ta yi ritaya, ita ta warware mini matsalar. Ta karɓe takardar waƙar daga hannuna ta ce in ajiye ta mako biyu. Kada in rera komai, in dai riƙa faɗin kalmomin da baki kamar ina magana da maƙwabciya, a tarago, a kicin, ko'ina. Na ga abin kamar raini, amma na bi.

Nan na gano cewa Hausa ba cikas kaɗai ta zame mini ba. Harshen Cek yana bambanta dogon wasali da gajere, byt gida ne, být kuma zama ko kasancewa. Mu ma ai gari da ake zama a ciki daban, garin tuwo daban, tsawon wasali ne ya raba su. Akwai wata Ba'amurkiya a cikinmu da ta shekara uku tana fama da wannan, ni kuwa kunnena ya kama shi a mako guda. Abin da na koya sabo shi ne nauyin kalma kullum a gaɓar farko yake, ko da dogon wasalin yana can ƙarshe.

Tsohuwar ce kuma ta ba ni labarin mutumin. Ɗan ƙauyen Hukvaldy ne, an haife shi a 1854, aka kawo shi Brno yana ɗan shekara 11 ya yi waƙa a gidan sufaye na tsohon gari, gidan da Gregor Mendel, masanin da ya gano yadda ake gadon kamanni, ya yi gwajinsa na wake. Ni da ke karatun kimiyya, na sha wucewa ta wurin don Mendel, ban san da yaron ba. Da ya girma sai ya riƙa yawo da ɗan littafi a aljihu, yana rubuta hawa da saukar muryar mutane da alamomin kiɗa: mai talla a kasuwa, yaro mai kiran uwarsa. Har maganganun 'yarsa Olga ya rubuta tana kan gadon mutuwa a 1903. Wannan ya tsaya mini a rai, har yau ban yanke hukunci ba ko ƙauna ce ko taurin zuciya. Amma tunanin nasa ba baƙo ba ne ga wanda ya taɓa jin kalangu yana kiran sunan mutum. Magana tana da karinta, mai kiɗa binsa yake yi.

Kuskurena na biyu ya fi na farko girma, kuma ba ni kaɗai na yi shi ba. Da muka iso "Chléb náš vezdejší dej nám dnes", ka ba mu abincinmu na yau, sai muka rera shi a tausashe, da ladabi, irin na mai addu'a bayan ya ƙoshi. Dattijon ya rufe fiyano. Ya ce Janáček ya samo waƙar daga zane-zanen wani mai zane ɗan Poland, masu nuna talakawa da ma'aikata cikin wahala, kuma wannan wurin kukan mayunwata ne. Ya tambaye mu ko akwai wanda ya taɓa kwana da yunwa. Ba wanda ya amsa. Ni dai na tuna watan Agusta a ƙauyen kakata, rumbu ya ƙare, sabon gero bai nuna ba, da yadda mata ke magana a lokacin, a gajarce, ba ado. Da muka sake, ban yi ƙoƙarin daɗaɗa murya ba. Na jefa kalmar chléb, wato burodi, kamar ina buga ƙofa. Tsohuwar ta juyo ta dube ni, ba ta ce komai ba.

Mun yi waƙar a wata coci da ba a ɗumama ta, kowa da rigar sanyi a ƙarƙashin baƙaƙen kaya, numfashinmu na fita kamar hayaƙi. Ginin yana riƙe sauti na ɗan lokaci bayan an yi shiru, saboda haka dole aka rage gudu, aka kuma matse baƙaƙen ƙarshen kalma fiye da yadda muka saba a ɗakin gwaji. Mai garaya ta yi ta hura yatsunta. Na shiga wuri ɗaya da wuri, rabin bugu, na ji muryata ita kaɗai a sararin cocin, na haɗiye na ci gaba.

Yanzu mata zalla muna koyon Otvírání studánek, wato buɗe idanun ruwa, ta wani mai tsara kiɗan Cek, Bohuslav Martinů, wadda ya rubuta a 1955 yana zaune a Faransa, nesa da garinsu Polička da bai sake komawa ba har ya rasu a 1959. Labarin yaran ƙauye ne masu fita a watan Mayu su yashe idanun ruwa bayan sanyi ya wuce. Takardar tana cikin jakata, ban buɗe wurin kiɗan ba tukuna. Kalmomin nake ta faɗa a tarago, wani dattijo ma ya gyara mini ř ɗina jiya kafin ya sauka.