Asabar a Yelwa: Gardama a Kan Kashi na Huɗu na Matrix

Yau Asabar, kuma kusan duk yinin a kan fim guda ya ƙare. Jiya da daddare ƙanena da yake karatun kwamfuta a jami'a ya kawo mini The Matrix Resurrections a filas, ya ce lallai in kalla kafin mu haɗu a majalisa bayan la'asar, domin abokansa da nawa sun ɗauki alkawarin yin gardama a kansa. Fim ɗin ba sabo ba ne, tun watan Disamba na 2021 ya fito, amma na daɗe ina kauce masa saboda sukar da nake ji daga bakin mutanen da muka kalli na farkon tare. Bayan na karya kumallo na zauna na kalle shi tun daga farko har ƙarshe, kusan sa'a biyu da rabi.

Da na isa majalisarmu ta Yelwa, kusa da teburin mai shayi, na tarar an riga an rabu gida biyu, kuma shekaru ne suka raba mutanen. Manya, wato mu da muka ga fim na farko na 1999 a gidan kallo a kan faifan CD, galibinmu a fusace muke. Samari kuwa ba su fusata ba, ba su kuma ruɗe ba, sai ma mamakin zafin da muka ɗauka suke yi.

Dole ne a yi wa manyan uzuri. Lokacin da fim na farko ya iso gare mu, wayar salula ba ta daɗe da shigowa Nijeriya ba, domin sai a 2001 aka fara ta sosai, kuma wanda yake son intanet sai ya je shago ya biya kuɗin sa'a guda. A irin wannan zamani ne aka nuna mana Neo, ma'aikacin kamfanin kwamfuta, yana gano cewa garin da yake ciki da aikinsa da abincin da yake ci duk shiri ne na kwamfuta da ake kira Matrix, alhali jikinsa na gaske yana kwance cikin wani ruwa na'urori suna tatsar makamashi daga gare shi. Mun yi makonni muna maganar ƙwaya ja da ƙwaya shuɗiya, wato zaɓin da aka ba Neo tsakanin sanin gaskiya da ci gaba da zama cikin ruɗu. Kashi na biyu da na uku sun zo a watannin Mayu da Nuwamba na 2003, kuma a na ukun Neo da masoyiyarsa Trinity duk suka mutu, saboda haka kowa ya ɗauka an rufe littafin.

Wani abokina malamin sakandare shi ne ya fi kowa ɗaga murya. Ƙorafinsa na farko shi ne Morpheus, jagoran Neo, domin a ganinsa babu Morpheus in ba Laurence Fishburne ba, kuma ko da yake Yahya Abdul-Mateen II da ya maye gurbinsa ɗan wasa ne mai kyau, an sa masa tufafi masu launi iri-iri an mai da shi mai barkwanci. Haka ma Smith, bos ɗin da Hugo Weaving ya yi da muryar nan tasa mai sanyi da ban tsoro, an ba Jonathan Groff. Sai ya zo kan faɗa, kuma a nan ban iya yi masa musu ba. Wanda ya tsara faɗan fina-finai uku na farko shi ne Yuen Woo-ping, gwanin fina-finan Hong Kong, shi ya sa kowane naushi da kowane tsalle ake ganinsa sarai kamar a fim ɗin 'yan Chana. A wannan karon ba ya ciki, kyamara tana ta rawa, ana yanka hoto da sauri har mutum ba ya gane wa ya bugi wa, shi kuma Keanu Reeves, wanda ya fito a matsayin Neo, yawancin abin da yake yi shi ne ɗaga tafukan hannu yana tare harsasai da ture mutane daga nesa.

Inda muka saɓa da Malam shi ne farkon fim ɗin. A nan an mai da Neo mai ƙirƙirar wasannin kwamfuta, wanda ya yi suna da wani wasa mai kashi uku da ake kira Matrix, yana shan shuɗiyar ƙwaya kullum bisa umarnin likitan ƙwaƙwalwarsa, sai shugabansa ya sanar da shi cewa kamfanin Warner Bros. zai yi kashi na huɗu ko da su ko babu su. Warner Bros. kuwa shi ne kamfanin da ya fitar da fim ɗin a zahiri. Malam ya ce wannan cin fuska ne ga mai kallo, wai an karɓi lokacinka sannan ana gaya maka cewa ba a so yin fim ɗin ba tun farko. Ni kuwa wannan ɓangaren ne ya fi burge ni, musamman zaman da ma'aikata suke yi suna gardamar abin da ya sa Matrix na farko ya yi farin jini, wannan ya ce faɗa ne, wancan ya ce falsafa ce, kowa yana jan abin zuwa ga ra'ayinsa. Na gaya wa Malam cewa abin da muke yi a kan bencin nan ke nan, kuma fim ɗin ya riga mu faɗa. Bai ji daɗin maganar ba.

Samarin sun yi shiru har sai da muka gaji, sannan ƙanena ya ce, "Yaya, ku abin da ya firgita ku a da shi ne a ce mutum yana rayuwa a cikin kwamfuta, mu kuwa a ciki aka yaye mu." Ya ce shi wanda ya ja hankalinsa shi ne likitan nan, wanda daga baya aka gano shi ne mai tafiyar da sabon Matrix ɗin, da bayanin da ya yi cewa mutane sun fi ba da makamashi idan aka bar su tsakanin kwaɗayin abin da ba su samu ba da tsoron rasa abin da yake hannunsu. Ƙanena ya ce da irin wannan lissafi manhajojin sada zumunta suke zaɓar abin da za su nuna maka, domin abin da ya ba ka haushi ko ya tayar maka da kwaɗayi shi ne zai riƙe ka a kan waya. Na ga wannan ita ce magana mafi nauyi da aka yi a yau, kuma daga ɓangaren da muka raina ta fito. Wani daga cikinsu dai ya ce shi saboda Priyanka Chopra kawai ya kalla, kuma ya yi fushi da ba a ba ta wuri mai yawa ba, abin da ya sa aka yi dariya har da mai shayi.

Daga nan aka koma kan soyayya. Rabin fim ɗin na biyu a kan ceto Trinity ya tafi, wadda aka mai da ita matar aure mai 'ya'ya da sunan Tiffany, kuma a ƙarshe ita ce ta tashi sama ta riƙe Neo lokacin da suka yi tsalle daga kan bene. Malam ya ce an mayar masa da fim ɗin yaƙi fim ɗin Indiya. Na tuna masa cewa a na farkon ma sumbatar Trinity ce ta tashe Neo bayan an harbe shi, sai dai a lokacin hankalinmu yana kan harsasai. Lana Wachowski, wadda ta ba da umarnin wannan kashi ita kaɗai, ta bayyana cewa rasuwar iyayenta ce ta sa ta dawo da waɗannan mutane biyu domin ta sami sanyin zuciya, kuma wanda ya san haka zai gane dalilin da ya sa fim ɗin ya fi damuwa da haɗuwarsu fiye da yaƙi da na'urori.

Malam ya kawo hujjar kuɗi, cewa an kashe kimanin dala miliyan 190 amma abin da aka samu a gidajen sinima bai wuce kusan miliyan 160 ba, alhali na farko ya haura miliyan 460. Gaskiya ne, sai dai an sake shi lokacin annobar korona, kuma a rana guda aka sa shi a manhajar kallon fina-finai ta HBO Max ga masu kallo a gida a Amurka, don haka ba zan ɗauki kasuwa a matsayin alƙali ba. Hukuncina shi ne fim ɗin ya gaza a faɗa, ya yi rauni wajen maye gurbin manyan 'yan wasansa biyu, amma ya fi na biyu da na uku sanin abin da yake son faɗa.

Kiran sallar magariba ne ya tashe mu. Bayan isha'i Malam ya turo mini saƙon murya mai tsawo, yana tambayar yadda aka yi shekara sittin suka wuce a labarin amma Neo bai tsufa kamar abokiyar gwagwarmayarsa Niobe ba. Fim ɗin ya amsa wannan, domin na'urorin ne suka sake gina jikinsa suka kuma riƙa kula da shi, kuma da alama Malam ya yi gyangyaɗi a daidai wurin. Gobe in Allah ya kai mu zan kai masa filas ɗin ya sake kallo.