Shekara huɗu a layin ƙarti

Har na je karatu Amurka ban taɓa riƙe ƙwallon nan mai siffar gwanda ta wasan da suke kira American football ba. Koci ya gan ni a ɗakin cin abinci, ya ƙare wa kafaɗuna kallo, ya tambayi nauyina. Kafin wata ya cika ina cikin ƙarti biyar da ke duƙawa a gaban mai jefa ƙwallo suna tare masa hari.

Mu ba ma cin maki. Doka ma ta hana a jefo mana ƙwallo, shi ya sa lambar rigarmu ba ta wuce 50 zuwa 79. Ba a jin lambarka a lasifika sai ka yi laifi: ka motsa kafin a saki ƙwallo a mai da ku baya yadi 5, ka riƙe rigar abokin karawa yadi 10. Ranar da ba a ambace ni ba, ranar na yi aiki.

Kokawar da muka yi muna yara a dandali ce ta cece ni. Wanda ya fi yin ƙasa, ya kafa ƙafa, ya riga cusa hannu a ƙirjin ɗan'uwansa, shi ke ture wani, ko da an fi shi girma. A makon farko na riƙa miƙewa tsaye, wani da bai kai ni ba ya yi ta shimfiɗe ni a ciyawa.

Sai cin abinci. Daga kilo 105 aka kai ni 135. Nakan tashi tsakar dare in tura shinkafa da ƙwai ba don yunwa ba, kuma da azumi sikeli yakan tona ni.

Abin da na yi sakaci da shi lafiyar ƙwaƙwalwata ce. Kowane zagaye kwalkwali na gwaruwa da kwalkwali, idona ya yi duhu, in yi shiru don kada a ba wani gurbina. Daga baya na san labarin Mike Webster, ɗan layin ƙarti irina, wanda ya ci Super Bowl, babban kofin wannan wasa, sau 4 da ƙungiyar Pittsburgh Steelers, ya rasu a 2002 yana da shekara 50. Likita ɗan Najeriya, Bennet Omalu, shi ya duba ƙwaƙwalwarsa ya gano cutar da yawan bugu ke haddasawa. Washegarin jin labarin na je na faɗa wa likitan ƙungiya ciwon kan da na ɓoye wata biyu. Ya ajiye ni wasa uku.