Lemun tsami ya bar min tambari ana saura kwana 9 biki

Har yanzu idan na tsaya gaban madubi, kuncina na hagu idona ke fara nema. Tabon ya dushe, baƙo ba zai lura ba, amma ni na san inda yake: layi biyu ne da suka gangaro daga gefen ido zuwa haɓa, daidai hanyar da ruwan lemun tsami ya bi.

Hunturun bara ne, tsakiyar Disamba, bikin ƙanwata saura kwana 9. Duk wanda ya yi sanyi a Kano ya san yadda jiki ke komawa. Iskar nan da ke kaɗowa daga arewa maso gabas ta ratso Sahara ne, kusan ba laima a cikinta, sai ƙurar da ta kwaso tun daga ƙasar Chadi. Ki shanya atamfa, kafin ki gama wanke-wanke ta bushe ƙamas. Abin da take yi wa atamfar shi take yi wa fata. Fuskata ta yi furu-furu, leɓe ya tsage, dunduniya kuwa ba a magana. Ni kuma sai na ɗauka wannan farin datti ne da ke neman a kankare shi, alhali ƙishirwa fatar ke ji.

Ana haka wata ƙawata ta turo min bidiyo: a matse lemun tsami, a zuba sukari da zuma, a dirje fuska, a bari minti 20. Ta ƙara da cewa, "Ai ba sinadari, duk kayan gida ne." Wannan maganar ce ta ci ni. Ni da nake yi wa mata wa'azi a kan man bilicin, sai ga shi abin da nake matsawa a zoɓo ya kayar da ni.

Da hantsi na haɗa. Ya fara yi min zafi, na ce aiki yake. Ruwan randa kamar ƙanƙara, don haka sama-sama na ɗauraye, na fita tsakar gida na yi shanya, na zura hijabi na hau Adaidaita Sahu zuwa Kantin Kwari karɓo sauran yadin anko. Garin ya yi hazo, rana ta koma kamar farin wata, har kallonta ake da ido. A raina, yau babu rana.

Ranar ban ga komai ba. Washegari da yamma raɗaɗi ya fara, kwana na biyu kuncin ya yi ja ya tasa, da 'yan ƙuraje masu ruwa kamar wadda tafasasshen ruwa ya fallatsar wa. Da na je asibiti, likitar ta kalli layukan nan biyu, tun kafin in buɗe baki ta ce, "Hajiya, lemun tsami kika shafa kika shiga rana?" Kunya ta kama ni. Ta yi min bayani cewa a ruwan lemun tsami da ɓawonsa akwai wani sinadari wanda idan ya zauna a fata hasken rana ya same shi, sai ya ƙona wurin. Ba ya nunawa nan take, sai bayan kwana 1 zuwa 3, kuma idan ƙunar ta warke takan bar baƙin tabo na makonni ko watanni. Hazo bai tare hasken duka ba. Sukarin da na dirza kuma ya riga ya kwashe ɗan maiƙon da ya rage wa fatar. Wato ni na share wa abin hanya da hannuna.

Ranar kamu mai kwalliya ta yi iya yinta, hoda kan hoda, amma tabo ya ƙi ɓuya. Duk hotunan bikin ta dama na juyo. Goggona da ta zo daga Bida tana ganina ta riƙe baki: "Ke 'yar nan, wa ya mare ki?" Da na ba ta labari ba ta yi dariya ba, tsaki ta ja, wanda ya fi dariyar ciwo. Ta buɗe jakarta ta miƙo min man kaɗanya a gwangwanin madara, irin wanda matan can ke dafawa da kansu, da ƙaurin hayaƙinsa da komai.

Man kaɗanya ai ina da shi a ɗaki tun tuni. Shafa shi ne ban iya ba. Ni sai na yi wanka da ruwa mai zafi har yana turiri, na dirje da soso da sabulun salo, na goge tas, na zauna gaban kasko na ji ɗumi, sannan in shafa. Goggo ta ce, "To me kika rufe a ciki? Kin bar tukunya ta ƙone sannan kika ɗora murfi." Mai ba ruwa yake ƙara wa fata ba, wanda ke cikinta yake hanawa ya gudu. Saboda haka ruwa mai ɗumi-ɗumi, sabulu a inda ake gumi kawai, tawul a danna ba a goga ba, a narkar da man a tafin hannu a shafa tun jiki na da danshi. Na ajiye ɗan kaɗan kusa da buta, don alwala sau 5 a wannan iska ita ma tana busar da hannu da fuska idan aka bar su haka. Dunduniya kuma a jiƙa da dare, a bi da dutsen goge kaushi a hankali, a cika mai, a sa safa. Reza dai na daina. Cikin mako biyu fason ya rufe. A fuska ɗan mitsitsi nake sawa, don da na lafta sai ga ƙuraje a goshi.

Amma kar in yi ƙarya, ba man ne ya cire tabon ba. Wata 4 ya ɗauka, ina kare kuncin daga rana, ina amsa tambayar jama'a. Abin da ya fi ƙona min rai, mutum uku daban-daban suka ba ni shawarar maganin tabon, kuma duka ukun lemun tsami suka ce in shafa. Ta ukun, wata maƙwabciya, har kawo min ta yi a leda. Na karɓa na yi godiya, na matse shi a zoɓon yara, na wanke hannuna da sabulu har gwiwar hannu kafin in fita kwashe shanya.