Shawara ga matasa masu ƙera da'irar lantarki don wuraren zafi da tururin nukiliya

Ƙannena masu sha'awar wannan fanni, kuskuren da ya fi cin mini lokaci a farkon aikina shi ne zuba ido a kan guntun silikon kaɗai, wato ɗan ƙaramin cip ɗin da ke kan allon da'ira, ina ganin idan shi ya jure zafi to sauran kayan ma za su jure. Na taɓa haɗa na'urar auna zafin tanderu da guntu mai ɗaukar digiri 125 na Salshiyas, amma kapasita (abin da ke adana cajin lantarki) mai ruwa a ciki ce ta bushe ta kashe aikin, domin irin wannan kapasita tana rasa kusan rabin rayuwarta a duk ƙarin digiri 10. Dalmar da ake liƙa ƙafafun kayan da ita, wadda aka haɗa da kuza, tana narkewa a digiri 183, kuma tun kafin nan take tsagewa idan zafi yana hawa yana sauka. Saboda haka ku fara lissafi daga abin da ya fi rauni a kan allon.

Idan zafin ya wuce digiri 200, silikon yakan riƙa yoyon lantarki har ya daina bin umarni, shi ya sa ake komawa ga silikon kabayid, wato haɗin silikon da kabon da ya fi jure zafi. Cibiyar Glenn ta hukumar NASA a jihar Ohayo ta gwada da'irori irin wannan a digiri 500 na tsawon dubban sa'o'i, da nufin aika su duniyar Zara mai tsananin zafi, wadda muke kira matar wata, inda kumbon Benera 13 na Tarayyar Sobiyet ya yi minti 127 kacal yana aiki a shekarar 1982.

Na kuma daɗe ina ɗaukar juriyar zafi da juriyar tururin nukiliya (wato radiyeshon) abu guda, alhali kowanne da hanyar ɓarnarsa. Tururin yana tara caji a hankali cikin siririn rufin taransisto, wato ƙaramin makunnin lantarki da ke cikin guntun, har ma'aunin kunnuwarsa ya karkace, kuma ƙwayar zarra guda mai ƙarfi tana iya juya sifili ya koma ɗaya a ma'ajiyar bayanai nan take. Maganin juyewar bayanan shi ne a sa da'irori uku su yi aiki ɗaya, a ɗauki amsar da biyu suka yarda da ita. Taruwar cajin kuwa ba a sanin girman ɓarnarta sai an kai allon gaban kobalt 60, wani ƙarfe mai fitar da tururin nukiliya, yana kunne kuma yana ɗauke da zafin da zai tarar a wurin aiki, ana auna shi yayin da tururin yake ratsa shi.